Gora Biyu na Ruwan Majema, Daga Bunguɗu Zuwa Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin natsuwa a majalisarmu ta bakin kasuwar Gusau ba. Wannan ya ce yaya Kumasi take, wancan ya ce wai da gaske ne na saka ruwan kwata a jaka na tsallaka iyaka uku da shi. Na ba da labarin har na fara jin ana mayar mini da shi da abubuwan da ban yi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ni dillalin fata ne. Da keke na fara, ina bin mahautan Tsafe da ƙauyukanta ina sayen fatar akuya ɗaya-ɗaya. Da Allah ya buɗa, masu sayen kayana a Kano suka ce fatar da aka cire wa gashi aka tsuma ta fi ɗanya daraja. Sai na gina 'yar majema a bayan Bunguɗu, ta wajen Kekun Waje.

Ruwa iri biyu ke fita daga aikin. Na farko na ramin cire gashi ne, wanda ake zuba wa farar ƙasa da wani sinadari da ma'aikata ke kira maganin gashi. Yana da santsi kamar ruwan sabulu, kuma yana cin hannu. Na biyu na tsuma fata ne, asid da gishiri, tsaminsa na huda riga. Mukan sake su cikin kwazazzabo, wannan yau, wancan jibi. Kwazazzabon kuwa a fadamar mutane yake ƙarewa.

Cikin rani wani dattijo mai lambu, Malam Ɗahiru, ya ɗauki kwandon albasar da ta ƙone tun tana ƙarama ya dire a zauren hakimi. Aka aiko na je. Ban yi musu ba, don na san ruwana ne.

Hakimi ya ce, "Alhaji Mamman, ba mu son ruhe ma wuri, yaranmu na cin abinci a ciki. Amma in Layya ta zo ruwan ga bai canza ba, kada hwata ɗaya ta shiga ramin nan."

Duk mai sana'ar fata ya san abin da wannan magana ke nufi. Layya ita ce kakarmu. Wanda ya rasa fatun Layya ya rasa shekara, shi da duk wanda ke aiki ƙarƙashinsa.

A gida dabara ta zo mini, ina kallon uwargidana Hajiya Balki tana jefa 'yar kanwa cikin miyar sure don ta kashe tsami. Na ce to ai shi ke nan. Ina da ruwa mai tsami, ina da mai kaifin kanwa, in haɗa su rami ɗaya su kashe juna, ba tare da na sayi komai ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Girman rami da awon haɗi kawai nake son gani a wurin waɗanda suka iya. Manyan majemun da nake kai wa kaya kuwa ba su barin dillali ya wuce wurin sikeli. Sai na tuna Alhaji Tanko, mutumin zangon Kumasi da muka zauna ɗaki ɗaya a aikin Hajji, wanda surukinsa ke aiki a wata majemar zamani a can. Na kira shi, ya ce in zo.

Kafin in tashi na kira Sahabi, shugaban ma'aikatana, na nuna masa tsohon rami mai zurfi da ke ƙarƙashin rumfar aiki. Na ce ya haƙa lambatu daga ramukan biyu zuwa cikinsa, da ya gama ya buɗe, kada ya jira ni. Sannan na cika gorar roba biyu, ɗaya da kowane ruwa, na naɗe su da tsumma na saka a jakar hannu.

Bayan ƙaramar Salla da kwana huɗu na hau babbar bas ta Legas. A Tsafe direba ya tsaya ɗaukar buhunan wake, na sauka gaisawa da Sarkin Fawa, wanda a hannun mahaifinsa na sayi fatata ta farko. Ya ɗaga jakar ya ji ruwa na motsi.

"Alhaji, zuma ce za a kai ma mutanen Gana?"

"Ruwan majema ne."

Ya aje jakar a hankali, ya goge hannu a rigarsa. "Mutane na tahiya da kilishi, kai kana tahiya da wari. Allah shi kai ka lahiya, amma kada ka ce masu ka san ni."

Kwana muka yi a hanya. Daga Legas na shiga ƙaramar mota mai zuwa Ankara, babban birnin Gana, ba ta Turkiyya ba. Iyaka uku ake tsallakawa, kowace sai an sauka da fasfo da katin allurar shawara a hannu. A Kwatano na ga 'yan kabu-kabu duk da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, ba kamar namu da kowa ke sa abin da ya tashi da shi ba. Mata na yawo da burodi dogo kamar sanda a kwando. Na sayi ɗaya, ya kusa cire mini haƙori.

A ɗaya daga cikin iyakokin wani ma'aikaci ya zaro gorunan. Faransanci yake yi, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Wata 'yar kasuwa da muke mota ɗaya, mai jin Hausa, ta tsaya tsakaninmu.

"Ya ce mene ne wannan?"

"Ki ce masa ruwan datti ne, za a kai a duba."

Ta faɗa masa, ya yi magana mai tsawo. Ta ce, "Wai ya ga mai fita da zinariya, ya ga mai fita da aku, bai taɓa ganin wanda ƙasarsu ta rasa inda za a zubar da datti ba."

Na yi masa alama kada ya buɗe. Ya buɗe ta ramin gashi ya kai hanci. Sai da ya ja da baya taku uku, hawaye na zuba. Abokan aikinsa suka yi ta dariya. Shi da kansa ya ɗaure bakin gorar, ya tura mini jakar da ƙafa, ya nuna mota. Ba a sake buɗe kayan kowa a motarmu ba, fasinjoji suka yi ta yi mini godiya.

Daga Ankara na kama motar Kumasi. Alhaji Tanko ya sauke ni a ɗakin baƙi na gidansa a zango. Kakansa farken goro ne daga ƙasar Gobir, amma Hausarsa ta sha ruwan can, mace ma "ya zo" yake ce mata. Da safe aka kawo shinkafa da wake ja wur. Na tambayi abin da ya rina ta, aka kawo mini ganyen. Karan dafi ne, wanda dukawanmu ke rina jar fata da shi.

Na ce, "Alhaji, mu takalmi muke rinawa da wannan."

Ya ce, "To ci, cikinka ya yi kyau kamar takalmi."

Ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Dokunu ne ya gagare ni, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara a ci da barkono da soyayyen kifi. Sakwararsu kuma ba a taunawa, haɗiya ake yi. Na tauna, duk teburin aka tsaya ana kallona.

Abin da ya fi ba ni mamaki jana'izarsu ce, ta waɗanda ba Musulmi ba. Mu mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Su sai a ajiye gawa wata da watanni, a buga hoton mamaci babba a kafa bakin titi, ranar binnewa a sa baƙi da ja a yi kiɗa. Na wuce wata rumfa na ce wa Alhaji Tanko Allah ya sa albarka a auren nan. Ya ce in rage murya. Gaisuwa kuma in ka shiga taro daga dama ake farawa a bi layi, ba a tsallake kowa don a fara da babba. Wannan na yaba.

Ranar Alhamis da hantsi surukin nasa ya shigar da mu majemar. Na zaci wani ƙaton Bature zan gani. Sai aka kai ni bayan gini wurin wata mata gajera mai takalmin roba har gwiwa, Madam Akosuwa, ita ke kula da duk ruwan da ke fita daga wurin. Alhaji Tanko ne tafinta.

Na zaro gorunana na yi bayanin dabarata, har da miyar sure. Ta saurara tana gyaɗa kai. Ta ciro wata 'yar takarda siririya ta tsoma a kowace gora. A ruwan tsumi ta yi ja, a na gashi ta yi shuɗi mai duhu. Ta nuna mini jerin launuka masu lamba a jikin kwalin. Bakwai ne tsakiya, inda ruwan sha yake. Ƙasa da shi tsami, sama da shi kaifin kanwa. Nawa ɗaya yana wajen biyu, ɗaya ya haura goma sha biyu.

Ta ce tunanina daidai ne, su ma da junansu suke kashe su. Na dubi Alhaji Tanko don ya shaida. Sai ta tambaya, "Da farar ƙasa kaɗai kake cire gashi?"

Na ce a'a, da maganin gashi, na nuna mata hoton buhun a waya.

Fuskarta ta canza. Ta kai mu fili inda iska ke kaɗawa, ta sa muka koma bayanta. Ta zuba cokali ɗaya na wannan a kofi, ta ɗiga na wancan, ta matsa. Daga inda nake tsaye warin ruɓaɓɓen ƙwai ya doke ni.

Ta yi magana a hankali, Alhaji Tanko na juyawa. "Ta ce maganin gashin nan in ya haɗu da asid, iska mai guba yake fitarwa. Tana da nauyi, ƙasan rami take kwanciya. In ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Mutum ya sunkuya ya faɗi, wanda ya shiga ɗauko shi shi ma ya faɗi." Ya saurara, sannan ya ƙara, "Ta ce kuma a jaka ɗaya ka ɗauko su cikin mota mai rufaffen gilashi?"

Na gyaɗa kai. Lissafin kwana nake yi. Kwana shida da tashina, lambatun kuwa aikin kwana biyar ne. Rami mai zurfi, ƙarƙashin rumfa, inda mutum goma sha ke tsaye suna kankare fata.

Na kira Sahabi, ba ta shiga. Majemar a kwari take, sai an hau tudu ake samun sabis. Na kira sau bakwai. Sai na kira Hajiya Balki a Gusau, wadda tun da na gina wurin sau ɗaya ta je ta ce ba ta ƙarawa.

"Hajiya, bar abin da kike yi ki tafi majema yanzu. Ki ce wa Sahabi kada ya buɗe lambatu. Rai ne."

Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce, "To."

Madam Akosuwa ta ci gaba da zagayawa da ni, ina bin ta da waya a hannu, rabin hankalina na Bunguɗu. Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara. Muryar Sahabi ce, yana haki.

"Alhaji, Hajiya ta zo ta zauna bisa buhun yashin da muka toshe lambatu da shi. Na ce ta tashi, kai da bakinka ka ce in buɗe. Ta ce sai dai in ɗauke ta da buhun. Mi a gaskiyar magana?"

Ashe sun gama haƙa dab da azahar, salla kawai suka tsaya yi kafin su janye buhun. Ita kuwa da ta ga ba zai karɓi saƙo daga bakinta ba, ta tattara zanenta ta zauna a kan buhu cikin warin nan, ta ce ya hau tudu ya kira ni.

Na ce, "Sahabi, gaskiyar magana ita ce ni na yi kuskure. Mayar da ƙasa ka cike lambatun nan, ta wajen asid ka fara."

"Aikin kwana biyar hwa, Alhaji."

"Cike shi."

Daga nan na zauna a gaban matar nan kamar ɗan makaranta, kwana uku ina zuwa. Abin da na koya ba shi da wuyar faɗi. Ruwan gashi shi kaɗai ake tarawa a rami marar zurfi, a fili, ba rumfa. A zuba masa ɗan wani garin sinadari da ta rubuta mini sunansa, a yi ta hura masa iska ta ƙasa yana tafasa kamar tukunya, awa da awanni, har dafin maganin ya mutu. Akwai takarda ta biyu ta gwada wannan: in ta yi baƙi, da saura. Sai ta fito fara ake sako ruwan tsami, kaɗan-kaɗan, ana motsawa ana gwadawa, har a tsaya tsakanin bakwai da takwas. In tsami ya zarce, a ƙara farar ƙasa. Sannan a bar shi ya kwanta, laka ta zauna ƙasa a kwashe ta a shanya.

Na tambaye ta ko bayan haka shanu za su iya sha. Ta ce a'a. Wannan aiki yana kashe tsami da kaifi, ba ya cire gishiri. Maganin gishiri shi ne kada ya shiga ruwan tun farko: a kakkaɓe fata sosai kafin a jiƙa, ruwan tsumi kuma a sake amfani da shi maimakon a zubar kullum. Na so ta ce mini e. Amma na fi yarda da ita saboda a'ar nan.

Injin hura iskarsu ya kai girman ɗaki. Na tsaya ina kallonsa, na san ba nawa ba ne. Ranar da zan tafi na kai mata fatar jar akuya guda biyu da na taho da su, jimar gargajiya ta bagaruwa. Ta murza, ta shinshina, ta kira mutanen ciki su zo su gani. Ta ce injinsu bai fitar da laushin nan. Nan kam na ɗan gyara tsayuwa.

A dawowa ban wuce Tsafe ba. Na sauka wurin wani mai faci a bakin titi da na daɗe da sani, na ce ya sayar mini da tsohon injinsa na ba taya iska.

"Alhaji ka koma faci?"

"Ruwa za ni ba iska."

Ya dube ni, ya dubi Sarkin Fawa da ya rako ni. Sarkin Fawa ya ce, "Ba shi. Tun da ya tahi da wari ya dawo, ba mu gane mashi ba."

Muka haƙa ramuka uku a fili, jere, kowane iya ƙugu, muka shafe su da siminti. Na sa aka huhhuda bututun roba da ƙusa mai zafi aka shimfiɗa a ƙasan na farko, aka haɗa da injin mai faci. Garin sinadarin da takardun gwaji na samo a Kano. Gwajin farko injin ya yi zafi ya mutu. Na biyu bututun ya taso sama, sai da muka danne shi da duwatsu. Abin da nasu ke yi cikin awa shida, namu sai ya yini biyu. Amma takarda ta fito fara. Sahabi ne na damƙa wa gwajin, kuma na kafa doka: ba mai shiga rami, ba mai buɗe ruwan tsami sai shi.

Saura kwana tara Layya hakimi ya turo wakilinsa tare da Malam Ɗahiru. Na tsoma takarda a rami na uku, ta fito kore, na nuna masu lambar a kwali.

Malam Ɗahiru ya ce, "Alhaji, ni ban san takarda ba. Albasata ma ba ta san ta ba."

Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya zauna bakin ramin ya zura ƙafafunsa biyu. Ƙafar mai lambu ce, duk faso. Ya ce da rani in ya shiga fadama ruwan nan har tsakanin yatsunsa yake saɓulewa. Muka yi tsaye. Ma'aikata suka bar aiki suka zo. Ya daɗe, yana murza yatsun ƙafa da hannu, yana kallon wani wuri can.

"Babu santsi," in ji shi. Ya ƙara jimawa. "Amma yana ɗan cizo."

Na ce, "Gishiri ne, Malam. Na rage shi, ban iya raba shi da shi duka ba. Shi ya sa ko wannan ba zan sake shi fadamarku ba. Ga fili can na saya, na haƙa masa tafki, rana ta shanye shi. In damina ta cika shi, ni zan tsayar da aiki, ba sai an aiko ba."

Wakilin hakimi ya ce, "Malam, mi za ni gaya ma hakimi?"

Dattijon ya fito da ƙafafunsa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya sa takalmi.

"Ka ce mashi a bar shi ya yi Layya. In hwatu sun yi yawa ni ka dawowa in sake sa ƙahwa, ba ranar da ya sani ba."

Na ce ko ba na nan ƙofa a buɗe take.

Ya dawo kuwa, rana ta uku da Salla, lokacin da fatu suka yi tsibi har bakin rumfa kuma injin mai faci na ta kuka. Bai gaishe ni ba sai da ya je rami na uku ya yi abin da ya zo yi. Sannan ya kwance wani ƙunshi daga bayan kekensa ya shimfiɗa a gabana. Fatar ragon layyarsa ce.

Na juya ta, na nuna masa inda wuƙa ta huda wajen wuya.

Ya ce, "Alhaji, ka ga hudar wuƙa, ni ban ga albasata ta rani ba. Saya da kyau."

Na saya da kyau.